Wuta mai hawa, man shanu mai sauka: iyakar abin da yoga ke iya faɗa game da ƙarshen tafarkin Zen

A tafarkin Zen, reshen addinin Buddha da ya tsiro a ƙasar Sin ya kuma yi ƙarfi a Japan, ranar da almajiri ya samu farkawarsa ta farko ba ranar sauka ba ce. Malaminsa kan ce masa yanzu ma aka fara. Wannan buɗi na farko, wanda suke kira kensho, leƙe ne kawai: mutum ya ga cewa "ni" ɗin da yake ta tattali ba shi da wani tushe tsayayye, katangar da yake ji tsakaninsa da sauran abubuwa kuma ta faɗi na ɗan lokaci. Daga nan sai shekaru, wani sa'in ashirin ko talatin, na abin da 'yan ɗariƙar Rinzai, ɗaya daga manyan rassan Zen, ke kira horon bayan farkawa. Tambayar da ke damun masu bin wannan hanya a Turai da Amurka tun wajen shekarun 1960 ita ce, me ke samun mutum a cikin waɗannan dogayen shekaru? Littattafan Zen ba sa amsawa kai tsaye. Da baitoci suke magana, da zane, da habaici. Littattafan yoga na Indiya kuwa sun zayyana komai dalla-dalla, har da gurbin da za a ji zafi da irin amon da kunne zai ji. Shi ya sa wasu suka ɗauko bayanin yoga suka shimfiɗa a kan Zen, suna cewa abin da malaman Sin da Japan suka lulluɓe cikin waƙa shi ne Indiyawa suka faɗa ɓaro-ɓaro.

A ganina wannan fassara ta kama wani abu na gaskiya, sai dai ta ajiye shi a gurbin da ba nasa ba. Tana taimakawa wajen gane abin da ke samun jikin mai zaman nutsuwa. Ba ta iya auna nisan da ya yi a hanya, kuma inda aka mai da ita ma'auni an ga ɓarna.

Bayanin matakan Zen da ya fi shahara shi ne zane goma na makiyayi da sansa, wanda wani malami ɗan Sin mai suna Kuoan ya tsara a ƙarni na 12. Yaro ya fita neman sa, ya ga sawu, ya hango san, ya kama shi, ya horar da shi, ya hau bayansa ya nufi gida yana busa sarewa. Zane shida ke nan, kuma galibin masu sharhi a na uku suke ajiye kensho, wato hangen nan na farko. A na bakwai san ya ɓace, saura yaron shi kaɗai. A na takwas babu sa babu yaro, da'ira ce kurum babu komai a cikinta. Da a nan aka tsaya da sai a ce labarin ɓacewa ne. Amma akwai na tara, rafi na gudu, itace na fure, ba kowa a wurin. Sannan na goma: wani mutum ƙafa ba takalmi, ƙirji a waje, jiki duk laka da toka, ya shigo kasuwa yana dariya, yana cuɗanya da mashaya da masu sayar da kifi. Dongshan, wani malamin Zen ɗan Sin wanda ya rasu a 869, ya bar nasa tsarin na matakai biyar, kan yadda mutum ke kai da komowa tsakanin ganin komai abu ɗaya ne da ganin kowane abu da kamanninsa, har ya daina jin su a matsayin gani biyu. Baitin mataki na biyar ya ƙare ne da mutumin ya koma ya zauna cikin gawayi. A Japan kuma ana ba da labarin Daito, wanda ya kafa gidan ibada na Daitokuji a Kiyoto, cewa bayan malaminsa ya tabbatar masa da farkawa ya yi shekara ashirin cikin mabarata a gindin wata gada kafin ya fara koyarwa.

A ɓangaren yoga, musamman hatha, mai aiki da jiki da numfashi, da tantra, koyarwar asiri ta Indiya, jiki na da wani tsari na ɓoye da wuƙar likita ba ta gani. Iskar rai, wadda suke kira prana, tana bin magudanai da ake cewa sun kai 72,000. Uku ne manya: ta hagu mai sanyi da ake dangantawa da wata, ta dama mai zafi da ake dangantawa da rana, sai ta tsakiya, sushumna, da ke bin gadon baya. A bakin ta tsakiyar nan, can ƙasan tsatso, akwai wani ƙarfi kwance kamar macijiyar da ta nannaɗe tana barci. Ita ce kundalini. Aikin mai yoga ya tashe ta da riƙe numfashi da matse wasu gaɓoɓi, ya kora ta sama, ta huda ƙulli uku, ta ratsa tashoshin da ake kira cakra, har ta kai maɗiga. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya kasa tafiyar gida huɗu, kowanne da alamarsa. In ƙullin zuciya ya ɓalle za a ji amo kamar na ƙarau, in na maƙogwaro ne amon tambari, a ƙarshe kuma amon sarewa.

Mai son haɗa biyun ba ya shan wahala. Zai ce kensho shi ne shigar iska ta farko cikin magudanar tsakiya, kama sa da horar da shi kokawa ce da ƙulle-ƙullen, da'irar da babu komai isar kundalini maɗiga ce, zane na tara da na goma kuma saukowarta ce ta game jiki. Yana da abin nunawa. Zaman iri ɗaya ne: ƙafafu a harɗe, baya a miƙe, harshe manne da ganɗa. Wumen, wanda ya tattara sanannun koan a 1228, wato tambayoyin nan da hankali ba ya iya warwarewa da lissafi, ya ce almajiri ya tambaya da ƙasusuwansa 360 da ƙofofin gashinsa 84,000, har ya ji kamar ya haɗiyi dunƙulen ƙarfe ja zur da ya kasa amayarwa. Wannan ba maganar ƙwaƙwalwa ba ce kaɗai. Masu shiga halwar kwana bakwai da ake kira sesshin kuma sun sha ba da labarin karkarwa, da zafi mai bin baya, da haske a ido.

Babbar hujjarsu dai Hakuin ne, kuma ya cancanci a daɗe a kansa, domin malaman Rinzai na Japan a yau kusan dukkansu silsilarsu ta wurinsa ta bi. An haife shi a 1686 a ƙauyen Hara, kusa da dutsen Fuji. A 1708, a wani gidan ibada a Takada, bayan kwanaki yana fama da koan ba dare ba rana, ya ji ƙararrawa daga nesa, komai ya tarwatse masa. Da hannunsa ya rubuta cewa girman kai ya cika shi, har yana ganin an yi shekara ɗari biyu ko uku ba a samu farkawa irin tasa ba. Ya tafi Iiyama wurin wani tsoho, Shoju Rojin. Tsohon ya tambaye shi yadda ya fahimci koan ɗin, Hakuin ya ce abu ne da hannu ko ƙafa ba su da inda za su kama shi. Tsohon ya miƙa hannu ya murɗe masa hanci, ya ce to ga shi ni na kama, ya tuntsire da dariya, ya kira shi shaiɗanin da ya maƙale a rami. Wata takwas ya yi a can yana amsa wannan suna.

Da ya bar wurin sai ya ƙara matsa wa kansa, ci da barci duk ya yi watsi da su, har jiki ya ƙi. Yadda ya bayyana ciwon a littafinsa Yasen Kanna, wanda aka buga a 1757, shi ne abin da masu fassarar yoga ke kafa hujja da shi. Wutar zuciya ta hau sama ta busar da huhu. Ƙafafu sun yi sanyi kamar an tsoma su cikin ƙanƙara. Kunne na ta shuu kamar mai tafiya gefen rafi a kwazazzabo. Hammata kullum jiƙe da gumi, ido kullum da ƙwalla, tsoro ya kama shi ko'ina ya juya, ido biyu da barci duk gane-gane. Ya zaga wurin malamai da masu magani bai dace ba. Daga baya aka kwatanta masa wani mai zuhudu, Hakuyu, da ke zaune a kogo a duwatsun Shirakawa bayan Kiyoto. Tsohon ya riƙe masa hannu ya ji bugun jini, ya ce wannan ciwon zaman nutsuwa ne, allura da ganye ba za su yi masa komai ba, abin da ya jawo shi da shi za a warkar da shi. Ya koya masa ya riƙa tara iskar rai, wadda mutanen Japan ke kira ki, a ƙasan cibiya, gurbin da suke kira tanden, da kwankwaso da ƙafafu har tafin sawu. Sannan ya ba shi dabarar da ta fi yin suna. Ka zauna, ka ɗauka an ɗora maka curin man shanu mai taushi da ƙamshi, girman ƙwan agwagwa, a tsakar kai. Ɗumin jiki ya fara narkar da shi. Ya jiƙa kai ciki da waje, ya gangaro kafaɗu da hannuwa, ya bi ƙirji, huhu, hanta, tumbi, hanji, ya bi ƙashin baya, yana wanke duk wani ƙulli da ciwo yana tafiya da su ƙasa kamar ruwa mai gangara, har ya taru a ƙafafu ya ɗumama su, ka ji kamar kana zaune cikin baho na ruwan magani mai ɗumi da ya kawo cibiya. Hakuin ya ce da haka ya warke, kuma ya yarda da maganin har ya yi wa almajiransa marasa lafiya alkawarin cewa duk wanda ya yi sati biyu ko uku yana yi bai ga sauƙi ba, ya zo ya sare kan wannan tsoho ya tafi da shi.

Masana tarihi na da ja a kan ziyarar kogon, don akwai bayanin da ke nuna Hakuyu ya rasu a 1709, shekara guda kafin lokacin da Hakuin ya ce sun haɗu. Mai yiwuwa ya harhaɗo dabarun ne daga littattafan likitancin Sin ya sa su a bakin tsohon don su shiga kunne. Ciwon dai ba wanda ke musun ya yi shi.

A ajiye wannan kusa da labarin Gopi Krishna, akawun gwamnati ɗan Kashmir. A watan Disamba na 1937, yana zaman nutsuwa da asuba a Jammu, ya ji wani abu kamar ruwan haske ya bi gadon bayansa ya shiga ƙwaƙwalwa da ƙugi irin na ruwa mai faɗowa daga dutse. Abin da ya biyo baya azaba ce: zafi kamar ana gasa shi daga ciki, rashin barci, ƙin abinci, tsoron hauka. Shi ya fassara abin da cewa kundalini ta ɓata hanya ta bi magudanar rana. Ya samu sauƙi da ya mai da hankali kan magudanar wata mai sanyi, ya kuma riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, amma ya yi shekaru kafin ya daidaita. Mutum biyu, tsakaninsu fiye da shekara 200 da dubban mil, ba wanda ya san ɗaya, suna kukan abu kusan iri ɗaya. Likitocin gargajiyar Tibet ma sun san wani ciwon iska da ke kama masu matsa wa kansu a halwa, suna kuma magance shi da hutu da abinci mai maiƙo da tausa. Wanda ya ce duk wannan tatsuniya ce bai yi adalci ba. Akwai wani abu da tsananin tattara hankali da sarrafa numfashi da ƙarancin barci ke yi wa jikin ɗan Adam, kuma al'ummomi daban-daban sun gano shi kowace da kanta.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A yoga hawan ƙarfin nan shi ne abin nema, matsala sai in ya bi gurguwar hanya. A wurin Hakuin hawan shi ne ciwon. Likitancin Sin na ɗaukar zuciya a matsayin wuta, ƙoda a matsayin ruwa. Wuta ɗabi'arta hawa, ruwa ɗabi'arsa sauka, in an bar su da halinsu sai su rabu, sama ta ƙone ƙasa ta daskare. Lafiya ita ce a juya su, kamar tukunya a kan murhu, wuta a ƙasa ruwa a sama. In ka ɗora garwashin a kan murfi ka bar gindin tukunya a sanyi, ko ka kwana kana jira ruwa ba zai tafasa ba. Duk koyarwar Hakuin kan jiki a kan wannan ta tsaya: sama ta yi sanyi, ƙasa ta yi ɗumi. Yana yawan kawo tsohuwar maganar Zhuangzi, masanin hikima na Sin, cewa mutumin ƙwarai da dunduniya yake numfashi, gama-gari kuwa da maƙogwaro. Babu macijiya a bayaninsa, babu tashoshi bakwai, babu maɗigar da za a huda. Wanda ya karanta shi ya ce ai kundalini yake nufi, ya ɗauki abin da mutumin ya kira cuta ya mai da shi alamar ci gaba.

Tarihi ma bai goyi bayan cewa asalinsu ɗaya ba. Zen ya ginu ne a Sin zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907, kuma Bodhidharma, wanda ake cewa shi ya kawo shi daga Indiya, ana ajiye shi ne wajen farkon ƙarni na 6. Littafi mafi tsufa da aka sani yana koyar da dabarun hatha, Amritasiddhi, na ƙarni na 11 ne. Tsarin cakra da ya cika intanet a yau ya yaɗu ne daga wani rubutu na yankin Bengal na 1577, wanda John Woodroffe, alƙalin Ingila a babbar kotun Kalkata, ya fitar da fassararsa a 1919. Launukan bakan gizo da ake shafa musu kuwa Turawa ne suka ƙara a ƙarni na 20. Wasu rubuce-rubucen tantra huɗu suka ƙirga, wasu biyar, wasu fiye da bakwai. Don haka mai daidaita zane goma da tashoshi bakwai zaɓa ya yi daga cikin tsare-tsare masu yawa, ya ɗauki wanda ya fi yi masa daidai. Abin da ya fi ban sha'awa, binciken masanin tarihin yoga James Mallinson da abokan aikinsa ya nuna Amritasiddhi daga hannun mabiya Buddha masu bin tantra ya fito, kuma bai ambaci kundalini ba sam. Abin da ya ce shi ne akwai wata a cikin kai da ke ɗigar da ruwan rai, akwai rana a tumbi da ke ƙone shi, wannan ɗigar ita ce tsufa da mutuwa, aikin mai yoga ya tsai da ita. Wato abu mai daraja da ke narkewa daga kai yana gangarowa, wanda Hakuin ya mai da magani, a can asara ce. Inda addinin Buddha ya rungumi wannan ilimi da gaske shi ne Tibet, a koyarwar nan shida da ake jingina wa malamin Indiya Naropa, ciki har da tummo, hura zafin ciki. A can in malami ya ce iska ta shiga magudanar tsakiya don haka almajiri ya kai mataki kaza, da harshen gidansu yake magana. A Zen aro ne.

Za a iya cewa, ai yoga ma ta san saukowa. Haka ne. Wasu rubuce-rubucen sun ce in kundalini ta kai sama takan kwararo da ruwan rai ya game jiki, sannan ta koma mazauninta, kuma nan ne fassarar ta fi kusa da kama ƙasa. Amma a can saukowar ladan hawa ce, tana zuwa a ƙarshe. A gidajen Rinzai kuwa tun ranar farko ake koya wa sabon shiga ya ƙirga numfashi yana fitar da shi a hankali daga mara, kafin ma a ba shi koan. Shiri ne na fara tafiya, ba shaidar isa ba.

Shi kansa Hakuin bai taɓa ɗaukar cikar mara a matsayin farkawa ba. A dabararsa ta kwanciya a miƙe ƙafafu a tara ƙarfi ƙasa, abin da ya ce a riƙa maimaitawa tambaya ce: wannan mara tawa da ƙafafuna su ne fuskata ta asali, to ina hancin fuskar asali? Fuskar asali tsohon koan ne, don haka ya mai da cikin mutum wurin ajiye koan. Farkawar da ya ɗauka ita ce ta yanke masa shakka ta zo ne a 1726, shekara 18 bayan ƙararrawar Takada. Yana zaune da dare a Shoinji, ƙaramin gidan ibadar ƙauyensu, yana karanta Sutrar Lotus, littafin addinin Buddha da ya raina tun yana saurayi don yana ganin labarai ne kawai, sai ya ji kukan gyare a gindin gini, ya fashe da kuka. Ba zafi, ba haske a gadon baya. Abin da ya ce ya gane shi ne dalilin tsananin da tsoho Shoju ya yi masa, da kuma cewa horon bayan farkawa ba komai ba ne illa ci gaba da gwada kai da aikin fitar da wasu. Sauran shekarunsa fiye da 40 a haka suka tafi: koyar da ɗaruruwan almajirai, zane da waƙoƙi don manoma, wasiƙu ga sarakunan yanki yana sukar almubazzarancinsu da gumin talakawa. Manhajar koan da magadansa suka tsara, bayan an wuce masu tsauri an wuce matakai biyar na Dongshan, tana ƙarewa ne da dokoki goma na ɗabi'a, kada ka kashe, kada ka yi sata, kada ka yi ƙarya, ana bin su ɗaya bayan ɗaya a gaban malami.

Ɗariƙar Soto, ɗaya babban reshen Zen a Japan, ta fi ma nisa da maganar matakala. Dogen, wanda ya kafa ta a Japan ya kuma rasu a 1253, ya ce zama da farkawa abu ɗaya ne, ba a yin ɗaya don a sayi ɗaya, kuma farkawar ƙwarai ita ce wadda ba ta bar sawu ba. Keizan, wanda ya rasu a 1325, ya lissafa abubuwan da mai zama kan ji, zafi ko sanyi, nauyi ko sakayau, ganin haske ko ganin surar Buddha, ya ce duk rashin daidaituwar numfashi da hankali ne; in hankali ya watse a ajiye shi a mara, in ya yi nauyi a ɗaga shi goshi. Gyara ne irin na yau da kullum. Zen na da suna ga irin waɗannan gane-gane, makyo, kuma umarnin kullum shi ne a bar su su wuce. Cikas ɗin da malamai ke tsoro a matakan ƙarshe wani ne daban: mutum ya maƙale a cikin da'irar nan da babu komai, ya ji daɗinta, ya ɗauka ya isa. Shi ne ramin da Shoju ke faɗa, shi ne kuma koan ɗin da ke tambaya yadda wanda ya kai ƙolin sanda mai tsawon ƙafa 100 zai ƙara taku ɗaya. Bayanin da ke auna ci gaba da ƙarfin abin da aka ji a jiki ba shi da yadda zai gane wannan cuta, don a ma'auninsa mai ita ne ya fi kowa maki.

Kimiyya ba ta raba gardamar ba. A 1961 masu bincike a Delhi sun ba da rahoton cewa wasu masu yoga in sun nutse ƙwaƙwalwarsu ba ta amsa ƙara ko taɓawa, a 1966 kuma Kasamatsu da Hirai a Tokiyo suka ce 'yan Zen na jin kowace ƙara sabuwa fil ko an maimaita ta sau nawa. An daɗe ana kawo wannan a matsayin shaidar cewa ɗaya rufe ƙofa yake ɗaya buɗewa, sai dai wani gwaji a 1981 bai samu sakamakon ba. Herbert Benson na Harvard ya wallafa a 1982 cewa masu tummo sun ɗaga zafin yatsunsu da fiye da digiri 8 a ma'aunin Celsius. Na'ura na iya nuna jiki ya canja. Ba ta nuna prana, balle ta nuna zane na nawa mutum yake.

Japan ta ga abin da ke faruwa in aka mai da alamun jiki takardar shaidar muƙami. Ƙungiyar Aum Shinrikyo ta fara ne a matsayin ajin yoga a Tokiyo a 1984. Shugabanta Asahara Shoko yana dafa goshin mabiya don ya tayar musu da kundalini, yana kuma raba muƙamai ga waɗanda ya ce sun kammala wannan mataki. Matasa masu ilimi da ke ganin gidajen ibadar gargajiya sun koma wurin jana'iza kawai sun samu abin da ake ji a jiki nan take, suka ɗauka wanda ya iya jawo wannan ba ya kuskure. A 1988 wani mabiyi ya mutu cikin horo aka ɓoye gawarsa. Ranar 20 ga Maris 1995 suka saki iskar guba ta sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo, mutum 13 suka mutu, dubbai suka jikkata. Ba yoga ce ta yi kisan ba, miliyoyi na yin ta lafiya lau, kuma Patanjali, marubucin babban littafin yoga na da, da kansa ya ce baiwar ban mamaki cikas ce ga mai neman nutsuwa. Zen ma ba shi da bakin yin fariya: manyan malamai masu takardar tabbaci sun goyi bayan yaƙe-yaƙen Japan, har reshen Myoshinji na ɗariƙar Rinzai ya fito ya nemi gafara a 2001. Ma'aunin ɗabi'a ma ana iya yi masa maguɗi. Bambancin shi ne maƙwabci da almajiri da matar gida na iya duba shi, alhali abin da ya bi gadon bayan mutum sai abin da ya faɗa.

Mai karatun da ya san littattafan tasawwufi zai ji kamar ya taɓa jin wannan muhawara: bambancin hali da muƙami, majazubi da mai suluki, da maganar malamai cewa istiƙama ta fi karama. Akwai kama. Amma a ce zane na takwas fana'i ne na goma baƙa'i, aron nan ne dai aka sake yi ta wata ƙofa, domin sufi na magana ne a kan Ubangijin da ya yi imani da Shi, Zen kuwa ba ya maganar Mahalicci ko kaɗan.

Inda harshen iskar rai ke da aiki na gaske shi ne ɗakin jinya. A 2017 Jared Lindahl da Willoughby Britton na Jami'ar Brown a Amurka sun wallafa binciken da suka yi da Turawa 60 masu zaman nutsuwa a tafarkin Buddha na Theravada da Zen da Tibet, suka tattara nau'i 59 na abubuwan da ke samun mutane, ciki har da zafi, da matsi a kai, da jin kamar lantarki na bin jiki, da rashin barci, wasu har sun kasa aiki na watanni ko shekaru. Zen ɗin da ya isa Yamma ta hannun marubuta irin su D. T. Suzuki ya fi ba da ƙarfi a kan farkawa, maganar mara da ƙafafu ba ta samu wuri sosai ba. Almajirin da ya zo da kai na zafi ƙafa na sanyi aka ce masa makyo ne, koma ka zauna, an ba shi rabin amsa, kuma rabin da ke iya ƙara masa ciwo. Wanda ya je wurin mai fassarar kundalini aka ce masa barka, ka kusa, ƙara wuta, ya fi shiga haɗari. Abin da Hakuin ya yi wa nasa almajiran shi ne ya sa su ajiye koan ɗin tukuna, su yi barci su ƙoshi, su sauko da hankali ƙasa, in jiki ya dawo su koma bakin aiki. Magajinsa Torei, wanda shi ma ya yi ciwo mai tsanani yana saurayi saboda matsa wa kai, ya ci gaba da koyar da hakan. Masu nazarin rayuwar Hakuin a yau, in sun duba alamun da ya lissafa, wasu tarin fuka suke gani, wasu ciwon damuwa mai tsanani, kuma kowanne daga cikin biyun abu ne da asibiti ke da maganinsa yanzu, don haka malamin da almajiri ya kawo wa irin wannan kuka yana da dalilin tura shi wurin likita kafin ya fara yi masa lissafin tashoshi.